Alƙalami da Masu Buƙatarsa: Tarihin Sana'ar Rubuta wa Mutane a Ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke shimfiɗe a kwarin Dallol Mawri cikin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta ƙunshi garuruwa irin su Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Sukukutane, ba ta cikin sassan ƙasar Hausa da suka yi suna da rubutu tun da daɗewa, kuma wannan ne ya sa tarihin mai cin abinci da alƙalami ya fi fitowa fili a cikinta, domin ana iya bin sawunsa tun daga lokacin da yake baƙo har zuwa lokacin da ya zama ɗan gari. Wanda ake nufi da mai wannan sana'a shi ne mutumin da ba ya karɓar albashin kowa, wanda yake rubuta wa wasu abin da ba su iya rubutawa da kansu, a biya shi aiki bayan aiki, ta yadda duk ranar da babu wanda ya zo gare shi babu abin da zai kai gida. Abubuwa biyu ne suka riƙa haifar masa da masu buƙata a wannan ƙasa, wato nisan da ke raba dangi da kuma hukumar da ba ta sauraron magana sai takarda, amma abin da ya riƙa kawo su gabansa shi kansa, ba gaban wani ba, shi ne amana da shaidar waɗanda suka riga suka gwada shi.

Kafin zuwan Turawa, mulki da addini a Arewa sun dogara ne kan maganar baka. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, waɗanda ke riƙe da al'amuran ƙasa da tsafi na Azna, ba su buƙatar magatakarda, sarakunan Matankari kuwa maroƙa ne ke riƙe musu jerin kakanni, ɗan aike kuma ya kai saƙonsu da bakinsa. A ƙarni na 19 Arawa sun ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato, suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso, abin da ya sa malanta ba ta samu gindin zama a fada ba kamar yadda ta samu a Katsina da Kano, inda mai kyakkyawan hannu ke iya rayuwa da kwafar Alƙur'ani da littattafan fiƙihu kaɗai. Duk da haka malami bai rasa kasuwa ba, sai dai hajarsa ta zama laya da rubutun sha, wato ayoyin da ake rubutawa a allo a wanke a sha, kuma masu karɓa sun haɗa da mayaƙa da mata masu neman haihuwa da mutanen da ba su salla. Baƙon malami ba ya shela, sauka yake yi a gidan mai gari ko wani mai faɗa a ji, mai masaukin nan shi ke tsaya masa, shi ke turo masa mutane, kuma idan aka ce layar da ya yi wa wane ta yi aiki, labarin kan riga shi isa gari na gaba. Ba a kiran ladansa farashi, sadaka ake cewa, ta hatsi ko akuya ko wuri. Takarda kuwa tana da tsada, domin irin wadda aka fi sani, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya take fitowa ta Tarabulus ta ratso hamada, saboda haka ba a ɓata ta a kan abin da baki zai iya isarwa.

Mulkin mallaka ne ya canja wannan lissafi gaba ɗaya. A 1899 rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan ta auka wa Lugu, yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 kuma suka ƙare da barin mafi yawan Arewa a hannun Faransa, Dogondutsi ta zama mazaunin kwamanda. Daga nan takarda ta shiga rayuwar talaka ba da shawararsa ba, ta hanyar ƙidayar jama'a da lanho, wato harajin kai, da takardar izinin tafiya da sammacin kotu, kuma duk da Faransanci ake yin su, harshen da ƴan kaɗan ne suka iya, tun da har a 1960, shekarar samun ƴancin kai, yaran Nijar da ke zuwa lakwal, wato makarantar boko, ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Tafinta da akawun ofis ma'aikatan gwamnati ne, bakinsu da alƙalaminsu na kwamanda ne, don haka mai ƙara ko mai roƙo yana buƙatar wani wanda zai rubuta masa daga nasa ɓangaren. Waɗanda suka cike wannan gurbi su ne ƴan lakwal da ba su samu aiki ba, da akawunan da suka bar aiki, da tsofaffin sojan da suka tsinci Faransanci a bariki, kuma yawansu ya ƙaru bayan soke aikin tilas da dokar ƴan ƙasa a 1946, lokacin da talaka ya fara ganin kuka a rubuce yana iya samun amsa. A ƙetaren iyaka Turawan Ingila sun riga sun sa wa sana'ar ido, domin tun 1915 suka kafa doka a Nijeriya ta kare marasa karatu, wadda ta wajabta wa mai rubuta wa wani takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, alamar cewa an karanta wa mai ita abin da ke ciki kafin ya dangwala.

Jarin marubucin bariki bai taka kara ya karya ba: ɗan tebur da benci a inuwar bedi kusa da gidan waya ko kotu, da takardu da ambulan, da alƙalami da kwalbar tawada waɗanda daga baya bik ya maye gurbinsu, sai kuma keken rubutu da takardar kabon ga wanda Allah ya buɗa wa. Mai buƙata yakan zauna a gefen bencin ya kwashe labarinsa tun daga farko, da sunayen kakanni da tarihin gonar da ake gardama a kanta, marubucin ya saurara har ya gama, sannan ya tace zancen ya mayar da shi layuka goma a cikin ƙa'idar dimandi, wato takardar roƙo ga hukuma, mai farawa da girmama shugaba, mai ƙarewa da fatan amsa, a manna mata tambur na kuɗin gwamnati, ya sake fassara masa ita da Hausa kafin a shafa wa babban yatsa tawada. Gwanintar tana cikin tacewar nan, domin takardar da ta bi hanyar da ba tata ba ko ta kira shugaba da muƙamin da ba nasa ba ba ta dawowa da amsa. Wurin zama shi ne tallarsa ta farko, shi ya sa ake riƙe gindin itace ɗaya shekara da shekaru. Talla ta biyu kuwa mutane ne: masinjan ofis da ke cewa baƙauye ya je wurin wane a gyara masa takarda, da ƴan kamasho da direbobi a tasha, da masu unguwanni da ke rako mutanensu. Ranar Juma'a, da kasuwar Dogondutsi ke ci, da lokacin biyan fansho na tsofaffin soja, su ne kakarsa.

A ƙauyuka irin na yankin Sukukutane, can arewa da Dogondutsi, nisa ne ya fi hukuma samar da aiki. Bayan an kai amfanin gona rumbu samari kan tafi cin rani, wasu Sakkwato da Kano, wasu kurmi, wato Ikko da Kumasi da Akara da Abijan, kuma wasiƙa ce igiyar da ke riƙe da su. Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, yakan rubuta da Faransanci ko boko, malamin allo kuma da ajami, wanda ke da fifikon cewa a kowane zangon Hausawa ana samun mai karanta shi, sau da yawa ma ba a bi ta gidan waya, ana damƙa takardar ne a hannun matafiyi tare da ƙullin kuɗi ko turmin atamfa. Wasiƙun suna da lokutansu, domin gab da damina ake yawaita neman kuɗin iri da na lanho da kiran ƙarti su dawo noma, a shekarun fari kamar 1973 zuwa 1974 da 1984 kuwa kusan kowace takarda kukan hatsi ce, haka nan korar baƙi daga Gana a 1969 da daga Nijeriya a 1983 ta cika gidaje da cigiyar waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a auna nauyin amanar da aka ambata. Wanda ya faɗi wasiƙarsa ga wani ya buɗe masa cikinsa ke nan: marubucin ya san bashin da ake binsa, ya san matar da ta yi yaji, ya san nawa ɗa ya aiko wa uwarsa ba da sanin ubansa ba, kuma a ƙauyen da kowa ya san kowa irin wannan sani yana iya raba aure ko ya haɗa ƴan uwa faɗa. Mace mai miji a kurmi ba ta zaɓen wanda ya fi iya tsara zance, tana zaɓen wanda aka shaide shi da riƙe baki, wanda kuma ba ya ƙara gishiri ko ya rage zafin magana idan yana karanta amsa. Marubucin da ya saki asirin gida ɗaya ya rasa unguwa guda, wanda ya riƙe kuwa uwa kan kai masa ɗiyarta, ɗiyar ta kai masa ƙawarta. Masu tarihi sun fi mayar da hankali kan sarakuna da tafintoci, amma waɗannan mutane, da sunayensu ba su shiga kundin kowa ba, su ne suka riƙe zumuncin dubban gidaje a tsawon rabin ƙarni, kuma sun cancanci a lissafa su cikin masu gina ƙasa.

Kasuwar wasiƙa ba rana ɗaya ta watse ba. Gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, taron Bamako na 1966 ya daidaita rubutun harsunan yankin, amma abin da ya fara rage wa marubuci ciniki da gaske shi ne kaset, domin tun a shekarun 1970 da 1980 iyali kan shiga ɗaki su naɗi muryoyinsu ba tare da kunnen bare ba. Wayar salula, wadda ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, ta kusan ƙarasa aikin, har a 2009 aka gwada koyar da manya karatu da ita a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, saƙon murya na WhatsApp kuma ya zo ya cire buƙatar harafi gaba ɗaya tsakanin mai gida da ɗan ci-rani.

Takardar hukuma ce ba ta tafi ba, sai ma haihuwa da ta yi. A gefe guda, fitowar jaridar Haske a 1990 da babban taron ƙasa na 1991 sun buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu, waɗanda suka riƙa karɓar labarai daga wakilan karkara ana biyansu kan kowane labari, lada maras yawa da ya jefa wasu cikin haɗarin karɓar na goro daga wanda ake ba da labarinsa, abin da ke cin amanar mai karatu kamar yadda sakin baki ke cin amanar mai wasiƙa. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wanda ya ba Sukukutane da makamantanta majalisa da magajin gari, ya kawo ofis kusa da ƙauye, ɗaga Tibiri zuwa matsayin gunduma a 2011 kuma ya ƙara wata ƙofar da ake layi a gabanta. Ƙungiyar mata masu adashi da ta manoman rani da kwamitin rijiyar burtsatse duk suna buƙatar tsarin mulki a rubuce da rahoton taro da takardar neman tallafi kafin wata ƙungiyar agaji ta dube su, uban da bai yanki takardar haihuwar ɗansa a kan lokaci ba kuma sai ya nemi hukuncin kotu da zai maye gurbinta kafin yaron ya zauna jarrabawa. Magajin mai tebur a gindin bedi yanzu shi ne saurayi mai shago da kwamfuta da injin kwafi, wanda ke haɗa wa mutane dosiye, wato tarin takardun da ofis ke nema, kuma hanyoyin samun masu buƙata sun ɗan sauya kama: lambar wayarsa a jikin ƙofa, sakataren ƙaramar hukuma da jami'in ƙungiyar agaji da ke ambaton sunansa, da shugabar ƙungiyar da takardarta ta samu karɓuwa ta gaya wa takwarorinta na ƙauyen gaba.

Akwai kuma wani reshe na sana'ar da bai bi ta ofis ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa ƴan kasuwa, littattafan kuma suka ƙetaro iyaka zuwa Maraɗi da Ƙonni da Dogondutsi, a yau kuwa marubuta da yawa, musamman mata, suna sakin shafukan farko na labari kyauta a waya, wanda ya ji daɗi ya biya kuɗin ci gaba, har sukan ware wa masu karatu na Nijar hanyar biya da sefa. A watan Maris na 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wanda ke nufin cewa muddin ofisoshi suka fara karɓar takardu da Hausa, wani ɓangare na masu zuwa shago zai iya rubuta dimandinsa da kansa, yayin da fassarar dokoki da littattafan makaranta da takardun kotu za ta buƙaci waɗanda suka ƙware a ƙa'idar rubutun Hausa da Faransanci, kuma a Arewa, inda lakwal ta daɗe da kafuwa, Hausa kuma ita ce harshen gida da na kasuwa, irin waɗannan mutane ba su da wuyar samu.