Daga Gidan Sarkin Bori Zuwa Ɗakin Majo

A ƙasar Adar, tun daga Madawa har duwatsun Buza da Keita, idan hankalin mutum ya gushe ba a saba cewa ya haukace kai tsaye ba. Ana cewa iska ta taɓa shi, ko an yi masa jifa. Kuma kowace kalma da ƙofar da take nunawa.

Mai iska, gidan sarkin bori ake kai shi. A yi masa turare da wankan saiwoyi, in abin ya ƙi lafawa a yi girka: ya zauna a keɓe kwanaki, mai goge na ja, mata na kaɗa ƙwarya, har a gane wane aljani ne ya hau shi, a san abin da yake so. Ba korar aljanin ake yi ba, sulhu ake ƙullawa. Bafaranshiya Nicole Echard ta shafe shekaru tana nazarin borin Adar, ta fitar da littafi a kansa a 1989. Wanda kuwa iyayensa ke ƙyamar bori, malam ne nasa: a wanke allo ya sha rubutu, a yi masa tofi, a ɗaura masa laya. Ko ta wace hanya aka bi, majinyaci na kwana kusa da uwarsa, yana shan furar gidansu. Sai dai a faɗi gaskiya, wanda ya yi duka ko ya shiga daji, mari ake sa masa a ƙafa, wani ya shekara ɗaure a gindin itace.

Maganin Bature ya zo da gini, ginin kuma yana nesa. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, Pavillon E, ya yi suna har ya zama abin zolaya a bakin jama'a, amma daga Madawa tafiyar kusan kilomita 500 ce. Wane manomi ne zai bar gona da damina ya je jinya can? Wasu kan gwammace su tsallaka iyaka zuwa asibitin Kware, kusa da Sakkwato.

Don kusanto da magani ga jama'a, tun 1954 likita Adeoye Lambo ya gwada wata dabara a Aro, gefen Abeokuta: majinyaci ya sauka a ƙauye tare da ɗan'uwansa, ya zo asibiti da safe, ya koma da yamma. Sai a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane farfaɗiya, ciwon damuwa da gushewar hankali, su ba da ƙwaya mutum ya tafi gida.

A Adar kuwa masu buƙatar sun ƙaru. Bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa aiki a Madawa da Buza, inda aka ga yaro mai tamowa na buƙatar wasa da rarrashi ban da abinci, uwarsa ma na buƙatar mai saurare. Ga samari 'yan ci-rani da tramol ya birkita. Ga tsofaffi masu ruɗewa da ake cewa tsufa ne kawai. A 2021 kuma dubban mutanen Sakkwato suka kwararo Bangi, cikin gundumar Madawa, suna gudun 'yan bindiga. Irin waɗannan idan sun zauna gaban majo, wato ma'aikacin ƙaramin asibiti, ba sa cewa suna da damuwa. Sai su ce kai na ciwo, zuciya na bugawa, barci ya ƙi zuwa.