Ƙauyen Maginan Kaburburan Fir'aunoni

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu Masar.

Sa'ad da nake karatu a Alƙahira, an shirya mana ziyara mu ɗalibai baƙi zuwa Luksor, can kudancin ƙasar. Tafiyar ta fi kilomita 600, kusan kamar daga Yamai zuwa Maraɗi. A jirgin ƙasa muka kwana. Da safe muka ga ɗakin bautar Karnak mai ginshiƙan dutse 134 a zaure guda. Washegari muka ƙetare kogin Nilu zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Kowa ya riƙe baki. Amma ba wannan na zo in ba ku labari ba.

Da rana ta take, mai yi mana jagora ya so mu koma, wai sauran wuri guda, kango ne, ba abin kallo. Wani malaminmu ya ce sai mun je. Sunan wurin Dairul Madina. Ƙauye ne a tsakanin duwatsu, gidaje wajen 70 a cikin ganuwa, da lungu guda ya ratsa tsakiya. Nan ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakunan nan suka zauna da iyalinsu, shekara fiye da 400: masu sassaƙar dutse, da masu yaɓe, da masu zane.

Ba ruwa a ƙauyen. Da jakuna ake kawo shi. An haƙa rami mai zurfin fiye da mita 50 ana neman ruwa, ba a dace ba. Wanda ya taɓa haƙar rijiya ya san zafin wannan. Daga baya ramin ya zama juji. Da Bafaranshe Bernard Bruyère, wanda ya yi tono a wurin daga 1922 zuwa 1951, ya kwashe jujin, sai ga dubban tsingaro da ɓarayen farin dutse, duk da rubutu a jiki. Takarda tana da tsada a zamanin, saboda haka abin yau da kullum a kan tsingaro ake rubuta shi: bashi, aron jaki, wasiƙa, shari'ar gado.

Akwai wani ɓaren dutse, yana gidan tarihi na Landan, na shekara ta 40 ta sarautar Ramsis na Biyu. An jera sunayen ma'aikata 40 da ranakun da kowa ya yi fashin aiki, da dalilinsa da jan tawada. Wannan kunama ta harbe shi. Wancan ciwon ido. Wani yana shirya gawar mahaifiyarsa. Wani kuwa, ku gafarce ni, ya tsaya gida dafa giya, kuma haka aka rubuta.

Ba a biyansu da kuɗi, don ba a fara buga kuɗi ba tukuna. Hatsi ne albashi: kowane wata buhu 4 na alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir. To, a shekara ta 29 ta Ramsis na Uku, wajen 1157 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, hatsi ya makara. Wata ya yi kwana 18, shiru. Sai mutanen suka ajiye kayan aiki, suka wuce masu gadi, suka je suka zauna bayan ɗakin bautar Tutmos na Uku. Manya suka zo lallashi, suka ƙi tashi. Suka ce yunwa da ƙishirwa suka fito da su, ba tufafi, ba mai, ba kifi, a aika wa Fir'auna da waziri. Ku tuna, sarkin nan kamar abin bauta aka ɗauke shi. Bayan ƴan kwanaki aka auna musu hatsin watan da ya wuce. Da aka sake makara, suka sake fita. Magatakarda Amennakat ne ya rubuta labarin, takardar tana birnin Turin na Italiya, kuma ita ce shaida mafi tsufa da aka sani ta yajin aiki.

Wajen 1070 mahara daga hamada suka hana zaman lafiya, mutanen suka tashi suka koma cikin ganuwar Madinat Habu, ƙauyen ya zama kufai. Muna tsaye cikin ɗakin wani mai zane, bangon bai wuce ƙugu ba, direban kar ya matsa mana da oda, muka fito.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.