Sau uku a mako: daga ina ƙa'idar wankin ƙoda ta samo asali?

Idan likita a Kano ya shaida wa mutumin Roni cewa ƙodarsa ta daina aiki, abin da ke biyo baya sananne ne: wankin ƙoda sau uku a mako, kimanin awa huɗu a kowane zama. Daga nan dangi kan shiga lissafin kuɗin mota ta Kazaure, da kuɗin inji, da na allurar ƙarin jini, da kwanakin da za a bar gona. Wannan ƙa'ida tana da tarihi, kuma sanin tarihin zai nuna mana inda muka tsaya.

A shekarar 1943, lokacin da Jamus ke mamaye da ƙasar Holan, wani likita mai suna Willem Kolff ya harhaɗa injin farko a garin Kampen: gangar katako mai juyawa, an naɗe ta da siririyar ledar da ake ɗura nama. Jini na bi ta cikin ledar, dattinsa na tsatsowa cikin ruwan gishiri. Marasa lafiyarsa na farko, fiye da goma, duk sun rasu. Sai a 1945 wata mata mai shekara 67 ta farfaɗo. Amma injin bai dace da ciwon da ya zauna ba, domin kowane zama sai an yanka sabuwar jijiya, jijiyoyin kuwa ƙarewa suke yi.

Belding Scribner ne ya warware wannan a Seattle ta Amurka a 1960, da wani ɗan bututu da ake bari a hannu. Clyde Shields, wanda aka fara sa wa, ya ƙara shekara 11 a duniya. Nan kuma wata matsalar ta ɓullo: injuna kaɗan, mabuƙata da yawa. Aka naɗa kwamitin mutum bakwai, ciki har da limamin coci da lauya da ma'aikacin banki, su zaɓi wanda za a ɗora a inji. Sukan duba shekarun mutum da iyalinsa da samunsa. Da mujallar Life ta fallasa lamarin a 1962 jama'a sun girgiza, kuma a 1972 Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnati biyan kuɗin wankin. Kafin nan, a 1966, likitoci a New York sun gano dabarar haɗe jijiyoyi biyu na hannu su zama hanyar jini ta dindindin, wadda ake kira fistula.

Da kuɗi ya daina zama shinge, sai tambaya ta koma: wanki nawa ne ya isa? Wani binciken Amurka na 1981 ya nuna waɗanda ake yi wa ƙarancin wanki sun fi kwanciya asibiti. Binciken HEMO na 2002, mai mutum fiye da 1,800, ya nuna ƙara yawan wankin sama da ƙa'ida bai rage mace-mace ba. Shi kuwa shirin DOPPS, wanda ya fara a 1996, ƙasashe ya kwatanta. Sakamakonsa na 2003 ya nuna cikin shekara guda kashi 6.6 cikin ɗari ke rasuwa a Japan, 15.6 a Turai, 21.7 a Amurka. Bambancin shekaru da sauran cututtuka ya bayyana wani ɓangare na tazarar, sauran kuwa yana da nasaba da yadda ake aikin: amfani da fistula maimakon bututun wuya mai jawo ƙwayoyin cuta, tsawaita zama, da rashin tsallake rana.

Duk waɗannan bincike an gina su ne a kan zaton majiyyaci zai dawo jibi. A nan labarinmu ya rabu da nasu. Najeriya ta fara wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara dashen ƙoda a 2002. Injuna sun iso, ƙwararru sun samu. Amma wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2017 ya gano cewa a Afirka kudu da Sahara, kashi 84 cikin ɗari na manyan da suka fara wanki sun daina, galibi saboda kuɗi.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne babba. Amma zama uku a mako naira 36,000 ke nan, fiye da 140,000 a wata, wato ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba a ma sa mota da magani ba.

Saboda haka kwamitin Seattle yana nan da ransa a wurinmu, sai dai a zaure yake zama. 'Yan'uwa ne ke yanke ko a sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gona, ko a dawo da mara lafiya gida a bar wa Allah. Babu mai rubuta hukuncin nasu, don haka ba ya shiga lissafin kowa.

Darasin DOPPS shi ne ƙirge: wa ya fara, wa ya daina, yaushe, kuma me ya sa. Da rajista irin wannan Jigawa za ta san inda ya kamata kuɗinta su tafi. Kafin a kai can, hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke kan gaba wajen lalata ƙoda, ana iya gano su da awon jini da na fitsari a ƙaramin asibitin Roni, shekaru kafin a buƙaci motar Kano.