Shanun Fari na 1934: Hannun Wa Taimako Ya Shiga?

A shekara ta 1934 fari mai tsanani ya auka wa manyan filayen tsakiyar Amurka, daga Dakota har Tekzas. Ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ƙafe. Farin ya tarar da mutane cikin karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929. Farashin shanu ya riga ya faɗi, masu garke da yawa kuma sun jinginar da dabbobinsu don cin bashi.

A watan Yuni na shekarar, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta fara sayen shanun. Likitan dabbobi da mai sa farashi sukan je har garke. Saniyar da ta rame har namanta ba ya ciyuwa, sai a harbe ta a binne. Yawancin sauran akan kai su mayanka, a zuba naman a gwangwani, a raba wa marasa aikin yi. Ana biyan dala 4 zuwa 20 a kan kowace dabba, gwargwadon shekarunta da lafiyarta. Zuwa farkon 1935 an sayi shanu kimanin miliyan 8.3 a kan kimanin dala miliyan 111.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda aka raba kuɗin kashi biyu. Kashi ɗaya kuɗin saye ne, wanda mai bin bashi yake da hakki a ciki. Ɗaya kashin kuwa tallafi ne na mai garke shi kaɗai, mai bin bashi ba ya taɓa shi. Da ba a yi haka ba, da taimakon ya zarce zuwa banki, iyalin mai garke su tashi ba shanu, ba kuɗi.

Mu gwada wannan da Farawa 47:13-26. A lokacin yunwar Masar, Yusufu ya karɓi dabbobin jama'a ya ba su abinci. Da shekara ta kewayo, suka ba da gonakinsu da kansu ga Fir'auna. An ceci rayuka, mutanen ma sun yi godiya, amma dukiyar ƙasa ta tattaru a hannun sarki. Daga baya Shari'ar Musa ta kafa iyaka: Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali suke ci.

Mu masu hidima akan sa mu cikin kwamitin rabon agaji, ko a nemi mu shaidi waɗanda suka cancanta. Ƙirga buhuna da sunaye bai isa ba. Wajibi ne mu bi sawun taimakon har mu ga hannun da ya tsaya a ciki, mu kuma ga ko an bar wa mabukaci abin da zai sake tashi da shi.

Don tattaunawa: idan ikilisiya ta taimaki ɗan'uwa da bashi ya yi wa katutu, ta yaya za ta kāre rabon iyalinsa ba tare da ta zalunci mai bin bashi ba?