Shige da ficen kuɗi: Bambancinsa da riba a ƙananan kasuwanci

Shige da ficen kuɗi shi ne lissafin abin da ke shigowa hannun ɗan kasuwa da abin da ke fita a cikin ƙayyadadden lokaci, kamar mako ko wata. Riba kuwa ita ce rarar da ke kan uwar kuɗi bayan an cire ɗawainiya, ko da mai saye bai biya ba tukuna. Saboda haka shago na iya cin riba a takarda, amma ya durƙushe don rashin kuɗi a hannu.

Alal misali, mai shago a Kantin Kwari ya saro atamfa ta Naira 500,000, ya sayar a kan 600,000. Ribarsa 100,000 ce. Amma idan 250,000 daga cinikin bashi ne, abin da ke hannunsa 350,000 ne kawai, wanda ba zai sake saro kaya kamar na farko ba, balle ya biya yaran shago.

Abubuwan da suka fi jawo wannan matsala su ne bashin da ya daɗe a waje, da kayan da suka yi kwantai, da ɗibar kuɗin cefane daga aljihun shago. Wani lokaci kuma matsalar daga waje take zuwa. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023 ya tsayar da cinikin waɗanda ba su da asusun banki ko na'urar POS, alhali shagunansu cike suke da kaya.

Matakin farko na kariya shi ne rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a kullum. Sai a buɗe wa shago asusunsa daban, mai shi ya yanka wa kansa albashi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da zaɓin bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012.

Haka kuma, ya kamata wa'adin da ake ba masu karɓar kaya bashi ya gaza wanda dila ya bayar. Kuɗin hayar shekara kuma a raba shi gida 12, a riƙa ware kaso ɗaya kowane wata, ko ta asusu ko ta adashi, domin kada ranar biya ta cinye jari.