Donga da waƙar da aka yi rigima a kanta

A darasinmu na adabin baka ne gardama ta tashi: waƙar da taro ya haɗu ya tsara, ta wane ne? Ni dai ban tanka ba, sai daga baya na ci karo da labarin Donga, mutumin Riyo ta ƙasar Brezil.

Sunansa na yanka Ernesto dos Santos. An haife shi ba da jimawa ba bayan soke bauta a 1888. Mahaifiyarsa ƴar Bahiya ce, cikin matan nan baƙar fata da suka yi ƙaura zuwa Riyo, ake kiran su "tia", wato inna ko gwaggo. A gidan ɗayarsu, Tia Ciata, ake kwana ana kiɗa. Wani ya jefa baiti, wani ya amsa, wani ya gyara, ba mai riƙe da alƙalami. Donga yana cikinsu da gitarsa.

To, a Nuwamban 1916 sai ya ɗauki ɗaya daga waƙoƙin dandalin, "Pelo Telefone" (ma'ana, ta wayar tarho), ya kai babban ɗakin littattafai na ƙasa, ya sa aka rubuta ta da sunansa. Baitocin kuma aka danganta su ga ɗan jarida Mauro de Almeida. Aka buga ta a faifai, ta cika gari a bikin karnabal na 1917. Abokan zama kuwa suka fusata, har a jarida suka ce tasu ce, tare aka yi ta.

Sata ce? Da farko haka na ce, wallahi. Amma fa a lokacin ƴan sanda korar masu samba suke, kiɗan ƴan iska ake ɗaukar sa. Donga ya ɗora kalmar "samba" a takardar hukuma, kalmar da masana da yawa ke dangantawa da "semba" ta harshen Kimbundu na Angola. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai takardar suna ɗaya ta ɗauka, alhali bakin da ya yi waƙar ya fi a ƙirga, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A 1922 ya je Paris tare da Pixinguinha cikin ƙungiyar Oito Batutas. Daga baya ya yi aikin kotu. Ya rasu a Riyo a 1974, ba shi da wata dukiya, idanunsa ma sun kusa rufewa.