Daga Jadotville zuwa Haskanita: Yadda Tarihi Ke Karrama Sojojin Kiyaye Zaman Lafiya da Aka Rutsa da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta ƙawanyar da aka yi wa sojojin Ailan a Jadotville ta ƙasar Kongo a 1961 da harin da aka kai wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita ta Darfur a 2007. Ta kuma waiwayi sojojin Habasha da suka ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na jihar Gadarif ta Sudan. Abin da nazarin ya nuna shi ne, karramawar da soja ke samu ta fi dogara ga masu riƙe da labarinsa a gida, fiye da abin da ya aikata a fagen daga.

Gabatarwa

Sojan kiyaye zaman lafiya yana da iyayen gida biyu. Ƙasarsa ce ke ba shi kaki da albashi, ƙungiyar da ta tura shi kuma ita ke ba shi umarni. Idan aiki ya yi kyau, kowanne na son yabo. Idan kuwa sansani ya faɗi, ƙungiyar kan yi gudun a tono kurakuranta na shiri, ƙasar kuma kan ji kunyar a ce sojojinta sun miƙa wuya. A wannan tsakani ne labarin sojan ke ɓacewa.

Ƙawanyar Jadotville

Kongo ta sami 'yanci ranar 30 ga Yuni, 1960. Ranar 11 ga Yuli, Moise Tshombe ya ayyana ɓallewar lardin Katanga mai arzikin tagulla, tare da goyon bayan kamfanonin haƙar ma'adinai da sojojin haya na Turawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da runduna, wadda Ailan da Nijeriya suka ba da sojoji a cikinta.

A watan Satumba na 1961 aka tura wani kamfani na bataliya ta 35 ta Ailan, mai sojoji kimanin 155 ƙarƙashin Kwamanda Pat Quinlan, zuwa Jadotville, garin da yanzu ake kira Likasi. Quinlan ya lura da cewa mutanen garin ba sa maraba da su, don haka ya sa aka haƙa ramukan kariya aka kuma tara ruwa. Ranar 13 ga Satumba, lokacin da Majalisar ta ƙaddamar da farmaki a babban birnin Katanga, dakarun Tshombe da aka ƙiyasta sun kai dubu 3 suka far wa sansanin, jirgin yaƙi ƙirar Fouga yana yi musu rakiya ta sama. Dakarun agaji na Ailan da Suwidin da Indiya sun kasa ƙetare gadar kogin Lufira. Ruwan da jirgi mai saukar ungulu ya kawo ma bai shawu ba, saboda an zuba shi a mazuban da aka taɓa sa mai.

Bayan kwana biyar, harsashi da ruwa suka ƙare, Quinlan ya miƙa wuya ranar 17 ga Satumba. Ba a kashe masa ko mutum ɗaya ba, biyar ne suka ji rauni, alhali an ƙiyasta mamatan abokan gaba da ɗaruruwa. Sojojin sun yi fiye da wata guda a tsare. Mutuwar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Dag Hammarskjöld, a hatsarin jirgi kusa da Ndola washegarin miƙa wuyar ta ɗauke hankalin duniya daga kansu.

A gida, an karɓe su da shiru da gori. Quinlan ya rasu a 1997 ba tare da an wanke shi ba. Tsofaffin sojojin da iyalansu ne suka yi ta matsa lamba har aka sake duba lamarin a 2004, aka kafa dutsen tunawa a barikin Custume da ke Athlone a 2005. Littafin Declan Power da fim ɗin da aka gina a kansa a 2016 suka kai labarin ga jama'a. A 2017 aka ba su lambar yabo ta musamman, shekara 56 bayan aukuwar abin, lokacin da da yawansu sun riga sun rasu.

Harin Haskanita

A 2007, rundunar Tarayyar Afirka a Darfur tana da sojoji kimanin dubu 7 a yanki mai faɗin gaske, tana fama da ƙarancin kuɗi da jirage da makamai. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja ta 5 ga Mayu, 2006, wadda ɓangare ɗaya kawai na manyan 'yan tawaye ya sa wa hannu, ta ƙara dagula matsayinta, domin waɗanda suka ƙi sa hannu sun fara kallon rundunar a matsayin mai goyon bayan gwamnatin Khartum.

Da yammacin 29 ga Satumba, 2007, cikin watan azumi, wajen lokacin buɗa-baki, mayaƙa kimanin dubu ɗaya suka afka wa sansanin Haskanita, inda akasarin masu tsaro 'yan Nijeriya ne. An yi ta ɗauki ba daɗi cikin dare har sansanin ya faɗi, aka kwashe motoci da makamai da mai. Goma suka mutu nan take: bakwai 'yan Nijeriya, sai ɗaiɗai daga Mali da Sanagal da Botsuwana. Adadin ya kai 12 daga baya. Kwamandan rundunar a lokacin shi ne Janar Martin Luther Agwai na Nijeriya. An binne 'yan Nijeriyan a Abuja da faretin girmamawa.

Daga nan labarin ya koma hannun lauyoyi. Dokar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta sanya kai wa masu kiyaye zaman lafiya hari cikin laifukan yaƙi, kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya riga ya miƙa batun Darfur ga kotun tun 2005. Bahar Idris Abu Garda, wani jagoran 'yan tawaye da aka zarga da hannu a harin, ya gurfana da kansa a Mayun 2009, amma a Fabrairun 2010 alƙalai suka ƙi tabbatar da tuhumar saboda raunin hujja. Daga baya ya zama ministan lafiya na Sudan. A Maris na 2011 aka tabbatar da tuhuma kan wasu jagororin 'yan tawaye biyu, Abdallah Banda da Saleh Jerbo. An rufe shari'ar Jerbo a 2013 bisa shaidar rasuwarsa, aka kuma ba da sammacin kama Banda a 2014.

Kwatanci

Abubuwan biyu sun yi tarayya a asali: ƙaramar runduna a wuri mai nisa, ba isasshen makami, ba hanyar agaji, an kuma ajiye ta inda babu zaman lafiyar da za a kiyaye. Sun bambanta a abin da ya biyo baya. A Ailan, waɗanda suka tsira sun rayu, sun ba da shaida, marubuta suka tattara ta, har gwamnati ta sauya matsayi. A Haskanita, karramawa ta zo da wuri ta fuskar jana'iza, amma cikakken bayanin abin da ya faru ya fi yawa a takardun kotu a Hague, inda abin da ake bi shi ne laifin mahara, ba halin da masu tsaron sansanin suka shiga ba.

Akwai yanayi na uku a gabashin Sudan. Bayan ɓarkewar yaƙin Tigray a Nuwamban 2020, ɗaruruwan sojojin Habasha 'yan asalin Tigray da ke aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Darfur da Abyei sun ƙi komawa gida don tsoron tsangwama, suka nemi mafaka, aka kuma tsugunar da su a sansanin Um Gargur na jihar Gadarif. Waɗannan ba makami ne ya yi musu ƙawanya ba, ƙasar da ya kamata ta riƙe sunansu ce suka rabu da ita.

Kammalawa

Misalan uku sun nuna matakai uku na karramawa: binne mamaci da daraja, hukunta mai laifi, da rubuta sahihin tarihi. Jadotville ta sami na uku bayan rabin ƙarni. Haskanita ta sami na farko, na biyu ya tsaya a kotu, na uku kuma yana jiran masu bincike. Aikin da ke gaban cibiyoyi irin su Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna da sassan tarihi na jami'o'in Nijeriya da Sudan shi ne tattara shaidar waɗanda suka tsira daga Haskanita da ta mazauna yankin, tun masu bayar da ita suna raye.